Gitar Lantarki da Kalangun Damagaram

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ya bi tarihin kiɗan rok zai gaskata su. An haifi wannan kiɗa a Amurka cikin shekarun 1950, daga bulus, waƙar ƙunci ta jikokin bayi. Su Chuck Berry suka ɗauki gadon, suka jona masa lantarki, suka ƙara masa sauri. A shekarun 1960 samarin Ingila, su Beatles da Rolling Stones, suka ara suka yafa. Jimi Hendrix kuwa, wanda ya rasu a 1970, shi ya koya wa gita kuka da gurnani. Asalin rok ke nan: tsohon kiɗan gida da sabon makami.

A yankinmu Abzinawa ne suka gane wannan darasi. Bayan Tinariwen na Mali sun share hanya, Bombino na Agadas ya fitar da Nomad a 2013, Mdou Moctar kuma Afrique Victime a 2021, duniya ta kasa kunne. Abin lura, faifan Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Sai da ya koma ga gita da ganga, bisa takun kiɗan gidansu, sannan sunansa ya cika duniya.

To, mu fa a Damagaram? Kaya ba su yi mana kaɗan ba: ga tambari da kakaki da algaita a ƙofar fada, ga kalangun mahauta, ga gadon Ma'azu Ɗan Alalo. Amma yawancin samarinmu sun miƙa wuya ga fiyano da kwamfuta. Mutum ɗaya ya danna, na'ura ta buga ganga, ta goge murya. Kiɗan ya yi santsi, sai dai ba gumi a cikinsa, ɗan makaɗi kuma ya rasa dalilin koyon sana'ar ubansa.

Alhali kalangu magana yake yi, yana hawa da sauka yadda harshen Hausa ke yi, tsirkiyar gita ma tana lanƙwasuwa haka in ta samu gwani. Saboda haka ina kira ga malamai da ƙungiyoyin al'adu: mu zaunar da tsohon makaɗi da yaro mai gita a tabarma ɗaya, a gidan matasa ko a filin makaranta, tun dattawan suna da ƙarfin riƙe makaɗin ganga.