Masu Gane Baƙon Tsuntsu

Da an yanke dawa a Paki, iskar hunturu ta fara kaɗawa, kowane manomi ya san shamuwa ta yi kudu, sai kuma wata daminar. Akwai waɗanda suka ɗauki irin wannan sani suka zurfafa shi. Da sanyin safiya suke rataya madubin hangen nesa su nufi fadama, suna neman tsuntsun da ya zo a makare, ko wanda iska ta kauce da shi daga hanya.

Karatun yana farawa ne da 'yan gida. Sai mutum ya haddace balbela da hasbiya da kanari da jan-baki, tashinsu da kukansu, kafin ya iya nuna wani ɗan mitsitsi a kan karan dawa ya ce wannan baƙo ne. Baƙin kuwa daga Turai suke, suna isowa tsakanin Satumba da Nuwamba bayan sun ƙetare Bahar Rum da Sahara, wasunsu ba su kai giram 10 ba. Yawancinsu kalar ƙasa ce, babu ado. Gwani yana rarrabe su da abin da ni da kai ba za mu kula ba: farin layi a saman ido, ko yadda wani mai rawayar ciki ke kaɗa wutsiya yana bin ƙafar shanun Fulani. Ya kuma san gindin gawo wurin tsayawa ne, domin shi ke fitar da ganye da rani, ƙwari su taru, baƙi su bi su.

Abin da ya fi burge ni shi ne kunnen gwanayen nan. Tsuntsayen nan ba su zo yin sheƙa ba, don haka ba kasafai suke rera waƙar da aka san su da ita a can ba, sai ɗan gajeren kuka. Da wannan kaɗai gwani zai kira sunan tsuntsun da ke ɓoye a gonar rake a Makarfi, bai ko gan shi ba. In bai tabbata ba, ba ya rubutawa. Sai ya zauna ya jira hoto, ko da rana za ta take.

Harkar tana da tarihi a yankinmu. Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, Robert Sharland kuma ya daɗe yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa a Kano. Yanzu cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jan ragama. Tun 2015 take tattara taswirar tsuntsayen ƙasar, an yanka Nijeriya gida-gida, kowanne kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, matasa na shiga da waya suna rubuta abin da suka gani da ranar da suka gan shi. Shamuwa guda da ta yi saura a Kudan cikin Disamba ma tana da gurbinta a wannan rajista.