Masu Jan Taliya na Lungunan Lanzhou

Lanzhou, babban birnin lardin Gansu a arewa maso yammacin ƙasar Sin, gari ne dogo siriri, duwatsu sun matse shi kudu da arewa, Rawayen Kogi kuma ya ratsa ta tsakiyarsa. Baƙon da ya zo buɗe ido akan kai shi tsohuwar gadar ƙarfe ta Zhongshan, wadda aka kammala a 1909, ya ɗauki hoto ya wuce. Amma wanda ke son sanin yadda mutanen garin ke rayuwa sai ya yi sammako ya kutsa cikin unguwanni. Tun gari bai gama wayewa ba zai tarar da layi a ƙofar ƙananan shaguna masu tururi: leburori, 'yan makaranta, direbobin tasi, tsofaffi da suka dawo daga motsa jiki a bakin kogi. Taliya da romon naman sa suke jira, domin ita ce karin kumallon Lanzhou. Wanda bai sami kujera ba ya tsuguna a bakin titi da kwanonsa, ba wanda zai dube shi.

Yawancin masu wannan sana'a Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui, za ka gane su da farar hula. Mutanen garin suna danganta taliyar, a siffar da aka san ta yau, ga wani Musulmi mai suna Ma Baozi, wanda ya fara sayar da ita a 1915. Suna da ma'auni biyar na gane kwano mai kyau: romo garau ba gurɓata, farin yankan wata saiwa mai kama da karas, jan man barkono, koren ganye mai ƙamshi haɗe da ganyen tafarnuwa, sai ita taliyar da ke ɗan ɗaukar ruwan ɗorawa.

Abin da ke tsayar da baƙo shi ne mutumin da ke bayan taga. Yakan ɗauki curin kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya mulmula shi a tebur, ya kama bakinsa biyu ya buɗe hannuwa. Curin ya miƙe ya zama igiya. Ya ninka ta, ya rataya bakin biyu a yatsun hannu ɗaya, ya sa yatsan ɗaya hannun a lanƙwasar, ya sake ja. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, huɗu takwas; kafin ya yi ninki bakwai, sili 128 ne ke lilo tsakanin hannuwansa, kowane sili kaurinsa ɗaya da ɗan'uwansa. Ya tsinke ƙullin da ya rage a yatsunsa, ya wurga taliyar cikin tukunyar da ke tafasa. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma babu wuƙa, babu inji.

Mai kallo zai ɗauka gwanintar tana cikin jan. A ganina tana cikin kwaɓin ne, wanda ake yi tun cikin dare ba mai kallo. Fulawar alkama mai ƙarfi ake nema, a zuba ruwa da gishiri, a yi ta murza da dunƙulen hannu. Irin wannan kwaɓi yana da taurin kai: ka ja shi ya koma, ka matsa masa ya tsinke. Abin da ke lallashinsa shi ne ruwan tokar wani tsiro na hamada, da suke kira penghui. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a tukunya don wake ya yi laushi ta san irin aikin da yake yi. Tokar tana sassauta danƙon alkamar har kwaɓin ya yarda a ja shi, ita ce kuma ke ba taliyar launinta da ɗan ƙamshinta. A yau shaguna da yawa suna amfani da wadda aka haɗa a masana'anta, amma sanin gwargwado yana nan a hannun mai kwaɓi. Idan ta yi kaɗan taliya ta tsittsinke, idan ta yi yawa kwaɓin ya saki jiki ya narke a hannu. Kuma gwargwadon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Fulawar bana ba ta bara ba ce, ruwan da ya dace da tsananin sanyin hunturun Gansu ba shi ya dace da zafin bazara ba. Masu sana'ar suna da wata ƙa'ida ta gado, wai ruwa sau uku, toka sau uku, murza sau tamanin da ɗaya. Ba ƙirgawa suke yi ba; tafin hannu ne ke gaya musu lokacin da kwaɓi ya nuna. Shi ya sa yaron da ya zo koyo yakan daɗe yana murza kafin maigida ya bar shi ya tsaya a taga.

Sai abin da ya fi burge ni. Ba a jan taliyar nan a ajiye. Kowane kwano sai mai shi ya tsaya ya faɗi irin wadda yake so. Akwai maoxi, siririya kamar gashi, wadda tsofaffi da yara suka fi so. Akwai erxi, mai ɗan kauri da daɗin tauna, zaɓin samari. Akwai jiuye mai faɗin ganye, da dakuan mai faɗin ɗamara, har da wata mai kusurwa uku da ake kira qiaomaileng. Daga kwaɓi ɗaya ake fitar da su duka; bambancin yana cikin yadda aka fara mulmula curin, zagaye ko a baje, da yawan ninkin da aka yi. Mutane goma za su jero, wannan ya ce siririya, a ƙara barkono, wancan ya ce mai faɗi, ban da ganye, na bayansa ya ce a haɗa masa da ƙarin nama da dafaffen ƙwai. Ba mai rubuta komai. Mai ja ya ji, mai tsamewa ya ji, mai zuba romo ya ji, kuma kowane kwano ya isa hannun mai shi yadda ya nema. Talaka mai 'yan kuɗi kaɗan yana samun abincin da aka yi dominsa shi kaɗai, a gaban idonsa. Wannan mutunci ne babba, kuma kullum ake yin sa.

Romon kuwa sirrin gida ne. Ana dafa nama da ƙashin sa awanni da kayan ƙamshi, ana kwashe kumfa har ya yi garau. Masana sun ce na safe ya fi, kuma tsofaffin shaguna da dama sukan rufe da rana da zarar tukunya ta ƙare.

Sana'ar ta bazu ko'ina a ƙasar Sin, kodayake da yawa daga shagunan da ke ɗauke da sunan Lanzhou a wasu birane mutanen gundumar Hualong ta lardin Qinghai ne ke riƙe da su. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sayayya Guangzhou sun san su sarai, musamman a unguwar Xiaobei, saboda alamar halal da ke ƙofarsu ta sa nan ne wurin da Musulmi baƙo zai ci abinci hankali kwance. Wanda hanya ta kai shi, kada ya zauna jiran kwano a tebur. Ya matsa kusa da taga, ya ce erxi, ya kalli yadda za a ja masa tasa.