Ɗaurin Gizo: yadda manya ke karɓar gatanar da aka sabunta don ban dariya (misalin Magana Jari Ce da masu karatunsa a Agadas)

0. Gabatarwa

A al'adar Hausawa ba a yin gatana da rana. Idan kuwa ya zama dole a yi ta, sai an fara «ɗaure Gizo», wato a yi wata ƴar al'ada da za ta kare mai faɗa da masu saurare daga abin da ake tsoron zai biyo baya. Yadda ake ɗaurin ya bambanta daga gari zuwa gari. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tunanin da ke ƙarƙashinsa: gatana magana ce mai lokacinta da wurinta da mutanenta, kuma wanda ya fitar da ita daga nan sai ya nemi wata kariya. Marubucin da ya ɗauki gatana ya sake mata riga domin ya ba manya dariya, da rana tsaka yake yin ta ke nan. A cikin wannan ɗan nazari za mu duba abin da irin wannan marubuci yake ɗaure Gizo da shi, da kuma yadda masu karatu ke yi idan suka ga ɗaurin ya kwance.

Muna amfani da kalmar «gatana» (conte) kamar yadda ake faɗa a Nijar, daidai da «tatsuniya» ta Hausar Kano. Babban misalinmu shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam (1911-1981), kamar yadda muka san karatunsa a Agadas.

1. Gatana ta wa ce?

Martanin farko da ake samu daga magidanta shi ne raini: gatana zancen mata da yara ce, namiji mai gemu ba ya zama sauraren ta. Wannan ra'ayi ya daɗe, amma tarin gatanun da ke hannunmu bai goyi bayansa ba. Littafi uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, malamai maza ne suka rubuta masa su da ajami, kuma a cikinsu akwai labarun kishi da kwartanci da ba wanda zai ce don goyo aka shirya su. Kusa da mu, gatanun da Geneviève Calame-Griaule ta naɗa a yankin Ingal da Agadas tun shekarun 1970, waɗanda ta fitar a 2002 da sunan Contes tendres, contes cruels du Sahel nigérien, su ma suna cike da al'amuran aure da yunwa da cin amana. Yaro na jin su ya yi dariyar kura. Babba na jin su ya gane maƙwabcinsa.

Haka abin yake a Turai. Perrault ya buga gatanunsa a 1697 domin masu karatun zaurukan Paris, ya kuma liƙa musu darussa masu habaici da yaro ba zai kama ba. Ƴan'uwan Grimm, bayan bugun farko na 1812, su da kansu suka riƙa share abin da suka ga bai dace da yara ba. Saboda haka, lokacin da James Finn Garner ya fitar da Politically Correct Bedtime Stories a Amurka a 1994, inda ya sake faɗar sanannun gatanun Turai da harshen ƴan boko masu tsoron ɓata wa kowa rai, gatanar ya maido wa tsofaffin masu ita. Littafin ya yi kasuwa sosai, domin masu karatunsa sun san asalin labarun tun suna ƙanana, kuma tazarar da ke tsakanin abin da suka sani da abin da suke karantawa ita ke ba su dariya. Mu riƙe wannan sharaɗi, domin al'amarin Imam ya saɓa masa.

2. Abin da Imam ya yi

Imam ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936, a ofishin talifi da Rupert East ke shugabanta, aka buga littattafan uku tsakanin 1937 da 1939. A cikin tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya shirya (1989), Imam ya faɗa da bakinsa cewa East ya tara masa littattafan labaru na Turawa da na Larabawa don ya yi aiki da su. Ba a ɓoye aka yi aron ba. Amma mai karatu na Katsina ko na Damagaram bai san Grimm ba, don haka ba shi da wani asali da zai auna sabon da shi. Dariyarsa daga cikin Hausar take fitowa.

Ga misali ɗaya da za mu ɗan tsaya a kansa. Labarin Kalala da Kalalatu ya yi daidai da labarin Grimm na kuku mai wayo, Gretel, wadda ta cinye kaji biyu da aka gasa wa baƙo, sa'an nan ta ce wa baƙon maigida na wasa wuƙa ne don ya yanke masa kunnuwa, ta ce wa maigidan kuma baƙo ya gudu da kajin. Maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda, baƙo kuwa ya ƙara mai. A wurin Grimm ƴar aikin gida ce da ubangidanta, kuma giya na cikin abin da ya ja ta. Imam ya maida su miji da mata, ya sa musu sunaye masu amsa juna, ya kawo abin cikin gidan Bahaushe inda karɓar baƙo mutunci ne, kunyar baƙo kuwa ta fi asarar kaza ciwo. Da wannan canji kaɗai labarin ya tashi daga wasan bara da ubangida ya koma wasan aure, wanda kowane magidanci ke da ra'ayi a kansa.

Ta fuskar ilimin harshe, ƙashin bayan dariyar shi ne shafe suna (ellipse): mai bi yana faɗin adadi bai faɗi abin da ake ƙirgawa ba, sai kowane daga cikin mutanen biyu ya cike gurbin da abin da ke ransa, wannan kaza, wancan gaɓar jikinsa. Hausa na ba da wannan dama cikin sauƙi, domin «ɗaya» ko «guda» na iya tsayawa ita kaɗai ba tare da wata alama da ke nuna jinsin abin da aka shafe ba. Imam ya ƙara da abin da fassara ba ta bayarwa: amsa-kama (idéophones), da karin magana, da tsarin jimla mai bin numfashin mai magana, inda «sai» ke tura aiki bayan aiki. Shi ya sa littafin ke jure karatu da babbar murya, kuma a Agadas da kunne aka fi saninsa. Makarantar boko da muka yi da Faransanci aka yi ta, La Fontaine muka hardace. Magana Jari Ce kuwa ƴan kasuwar da ke zuwa Kano suka kawo shi, mutum ɗaya ya karanta, zaure ya saurara.

To, da me Imam ya ɗaure Gizo? A ganinmu da aku. Ya sa labarun a bakin tsuntsu mai hikima da ke fadar sarki, wanda a littafi na farko yake ba da su domin ya tsare ɗan sarki Musa daga fita. Wannan tsari na aku mai ba da labari don ya hana fita sananne ne a adabin Indiya da Farisa. Amfaninsa a nan shi ne ya ɗauke labarin daga tabarmar kaka ya kai shi fada, ya ba shi aikin yi, har ya zama «hikima». Dattijon da zai ji kunyar a gan shi yana sauraren gatana ba ya jin kunyar a gan shi da littafin Imam. Farashin da aka biya kuwa shi ne muryar Gizo kansa, da tsamin bakin nan nasa da kowane mai gatana ke kwaikwayo, wanda rubutun boko bai tanadi yadda za a nuna shi ba sai a ɓata ƙa'ida.

3. Lokacin da aka ga asalin

Martani na biyu ya zo a makare. Ibrahim Malumfashi ya bi labarun Imam ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda aka samo su, aikin da ya tattara a Adabin Abubakar Imam (2009). A muhawarar da aka yi a jaridun arewacin Nijeriya cikin shekarun 1990 kan littattafan soyayya, waɗanda Malumfashi ya kira «Adabin Kasuwar Kano», Abdalla Uba Adamu ya kare matasan marubuta da cewa aron da ake zarginsu da yi daga finafinan Indiya hanya ce da Imam ya riga ya share.

Mun sha gwada abin a aji: mu karanta wa ɗalibai Kalala da Kalalatu, a yi dariya, sa'an nan mu raba musu fassarar Grimm ta Faransanci. Fuskoki kan canza. Wasu na jin kamar an yi musu sata, alhali ba abin da ya fita daga aljihunsu. Abin da suka rasa shi ne yaƙinin cewa dariyar da suka gada daga iyaye tasu ce tsantsa. Wasu kuma, galibi waɗanda suka karanta Propp ko Denise Paulme, na tsallakawa ɗaya ɓangaren su ce duk gatanun duniya ɗaya ne, magana ta ƙare. Duka biyu sun yi gaggawa. Labarin yana da lamba a jadawalin Aarne da Thompson (1741), wato yana yawo a ƙasashe da dama, kuma Grimm ma a wani wuri suka same shi. Amma lambar jadawali ba ta ba kowa dariya. Mun lura cewa ɗalibin da ya fi nuna ɓacin rai kan aron, idan aka ce ya maimaita labarin, na Imam yake faɗa, da kalmomin Imam.

4. Wa ake yi wa dariya?

Martani na uku shi ne wanda nazarin da aka yi a Kano da Zariya bai cika kula da shi ba, kuma daga Agadas ya fi fitowa fili. Agadas gari ne da Hausa ke harshen kasuwa da unguwa, amma Tamajak na nan a gidaje da karkara, kuma a gatanun Abzinawa dila ne ke riƙe da matsayin mai wayo, kura kuwa wawa ce a harsunan biyu. Mai saurare a nan ya saba da jin labari ɗaya da riguna biyu, don haka sake riga ba ya ba shi mamaki. Abin da yake dubawa shi ne wanda aka ɗora wa rawar kura. Finafinan ban dariya na Kano da suka cika gidajen kallo sun gaji tsarin gatana, mai wayo da wawa, kuma sau da yawa Buzu maigadi mai karyayyar Hausa ne ke ɗaukar kashin wawa. A Kano wannan dariya ce kawai. A Agadas akan yi dariyar, amma da sharaɗi: idan mai tsokanar abokin wasa ne, an yarda, domin wasan taubasai (parenté à plaisanterie), wanda UNESCO ta sa a jerin gadon al'adu da sunan Nijar a 2014, yana ba wanda aka tsokana damar ramawa. Fim da littafi ba su ba da wannan dama. Baki ɗaya ne ke magana.

Mun ga iyakar abin wani dare a wata fadar shayi ta samari, a shekarun da dokar 2015-36 ta hana jigilar baƙin haure ke aiki, kafin a soke ta a Nuwamban 2023. Wani saurayi mai baki ya buɗe da «ga ta nan, ga ta nanku», ya maida Gizo direban Hilux mai kai fasinja Libiya, Ƙoƙi mai ƙirgar kuɗi, kura kuwa mai tsaron shinge da ake rufe wa baki. Ya yi tsamin bakin Gizo yana ciniki da Faransanci, fada ta kwashe da dariya. Wani dattijo da ke kusa ya ce wannan habaici ne aka sa wa hular gatana, tun da kowa a wurin zai iya kiran sunan kurar. Yana da gaskiya ta wani ɓangare: buɗewar gatana alkawari ne cewa abin da za a faɗa ƙarya ce, kuma wannan alkawari ne ke ba mai faɗa ƴancin faɗin komai. Saurayin ya karɓi ƴancin, alhali abin da yake faɗa ya faru.

Da labarin ya kai inda Gizo ya sauke fasinjansa a bakin wata rijiya cikin Tenere ya ce zai je neman mai ya dawo, bai kauce wa halin Gizo ko kaɗan ba, domin a gatanun da muka sani Gizo ya sha yashe abokin tafiya. Amma dariyar ta ragu, wani daga cikin samarin ya ajiye kofinsa ya tashi. Daga baya aka gaya mana cewa ƙanensa ya bi hanyar ba a sake jin labarinsa ba. Mai gatanar ya gajarta sauran, kuma mun lura bai rufe da «ƙurunƙus» ba.