Warware ruɗani a kan sarautar Amina ta Zazzau

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ka sani, ya kai almajiri, mutane sun rabu biyu a kan Amina ta Zazzau. Waɗansu sun ce ba ta taɓa sarauta ba, domin mace ba ta sarauta. Waɗansu kuma sun ƙara mata abin da babu shi a littattafan farko. Duka biyu sun yi kure, domin na farko sun kore labari da hukunci, na biyu kuwa sun cuɗa labari da tatsuniya.

Fasali na farko, a kan ruwayoyi. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wanda aka lasafta sarautarsa daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000, ta yi shekara 34 tana cin ƙasashe. Muhammadu Bello kuma, cikin Infakul Maisuri da ya gama a 1227, watau 1812, ya ce 'yar Sarkin Zazzau ce, Katsina da Kano sun ba ta haraji, ta rasu a Atagara. Amma masu bin jerin sarakunan Zazzau sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, suka sanya hawanta a 1576, bayan Karama. To tsakanin wannan da zamanin Dauda akwai shekara wajen 140, kuma sunanta ba ya cikin jerin nan. Wanda ya yanke maka shekararta da yaƙini, ya faɗi abin da ruwaya ba ta ba shi ba.

Fasali na biyu, a kan masu ƙari. Zancen da ake yi cewa takan ɗauki namiji a kowane gari ta kashe shi da safe, ba ya cikin Tarihin Kano, ba ya cikin Infaku. Zancen hira ne, kuma ƙazafi ne ga matacciya. Haka kuma ba kowace tsohuwar ganuwa da aka kira ganuwar Amina ce ita ta gina ba.

Fasali na uku, a kan masu korewa. In ka ce, hadisin Abu Bakrata da ke cikin Buhari, wanda ya zo lokacin da Farisa suka naɗa 'yar Kisra, ya hana, kuma Malikiyya sun shardanta mazantaka ga imami da alƙali, sai mu ce: wannan bayanin hukunci ne, mu kuwa tambayarmu ita ce me ya auku. Hadisin da kansa shaida ne cewa mace ta hau gadon Farisa. Raliyya ta mallaki Delhi daga 1236 zuwa 1240. Shajaratud Durri ta mallaki Masar a 1250 kwana wajen 80, aka yi huɗuba da sunanta, aka buga shi a kan kuɗi. Malaman tarihi sun rubuta su duka. Bello ma, da iliminsa da matsayinsa, ya rubuta labarin Amina bai ɓoye shi ba. Shin mun fi shi kishin addini ne?

Abin da ya rinjaya shi ne, mace mai suna Amina ta riƙe rundunar Zazzau, garuruwa suka bi ta, domin littattafai biyu na Kano da Sakkwato sun haɗu a kan haka. Amma ko an naɗa ta a gadon sarauta, ko 'yar sarki ce mai jan yaƙi, wannan ruwaya ba ta yanke ba. Ka tsaya inda hujja ta tsaya, kada ka goge labari domin ka tsare hukunci, kada ka ƙirƙiro labari domin ka rushe shi. Allah Shi ne Masani.

Ya cika da godiyar Allah a garin Miga, ƙasar Dutse. Wanda ya ga kure ya gyara, ya yi wa marubuci addu'a.