Gwanin da Ke Karanta Ƙasa: Yadda Ake Bin Sawun Namun Daji

Kafin Kazaure ta zama gari, dajin farauta ce. Labarin da aka gada kaka da kakanni ya ce wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya taso daga wajen Dala, ya nausa arewa har ya iske wani kwari da duwatsu suka kewaye, ga ruwa a kusa, sai ya ce wurin nan kamar zaure. Daga nan sunan ya samo asali. Abin da ke burge ni a labarin shi ne yadda mutum zai shiga dajin da babu turba, ya gano ruwa, ya gano inda nama ke kwana, ya kuma koma gida lafiya. Ƙasa ce ta gaya masa komai, domin ya iya karanta ta.

Yau manyan namun sun bar wannan yanki. Ɗan Kazaure ko Gwiwa da ke son ganin giwa ido da ido sai ya bi ta Dambatta zuwa Kano, ya wuce Wudil, Birnin Kudu da Ningi har Bauci, sannan ya ƙara kimanin kilomita 110 zuwa sansanin Wikki a dajin Yankari. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga maziyarta a 1962, faɗinsa kuwa murabba'in kilomita 2,244 ne. A Kenya da Tanzaniya da Botswana attajirai kan biya sama da dala dubu a kwana ɗaya don irin wannan yawo, wanda ake kira safari. Kalmar Sawahili ce da aka aro daga Larabci, tushensu ɗaya da safarar da 'yan kasuwarmu ke yi. To amma duk kyan tanti da daɗin girki, idan babu mai bin sawu, baƙo ciyawa kawai zai kalla ya dawo. Shi ya sa a wasu gandayen Afirka ta Kudu ake kafa masa kujera a kan hancin mota, don idonsa ya riga taya isa ƙasa.

Aikinsa yana farawa tun daga zaɓen wata. Da damina ciyawa kan rufe mutum, ruwa yana ko'ina, namun sun watse. Daga Janairu zuwa Afrilu kududdufai sun ƙafe, ganye ya zube, ƙishirwa tana koro giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza zuwa kogin Gaji da ke cikin Yankari. Gwani ya san mashaya, wato inda dabba ta saba saukowa shan ruwa, kamar yadda ya san ƙofar gidansa. Zai kuma ce maka ka bar farar riga a gida don ana hango ta daga nesa, ka bar baƙa da shuɗiya don su ne ƙudan tsando ya fi bi. Launin ƙasa ake sawa, kuma ba a fesa turare.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: gorar ruwa, siririyar sanda ta nuni, wuƙa, sai ɗan ƙyalle da aka ɗaure toka a ciki. Wannan ƙullin toka shi ne ma'aunin iska. Zai girgiza shi kaɗan, ya kalli inda ƙurar ta nufa. Dole iska ta riƙa busowa daga wajen dabba zuwa wajen mutum, domin giwa ba ta gani sosai, amma hancinta ba ya kuskure. Idan iska ta juya, shi ma sai ya juya, ya yi zagaye, ko da zai ƙara tafiyar rabin sa'a.

Na fara fahimtar zurfin abin ne a gefen duwatsun Roni, wata safiya ta hunturu, tare da wani dattijon maharbi. Mun fita bayan sallar asuba. Rana na ɗagowa ya tsaya, ya sa sawun tsakaninsa da ita, domin hasken da ya zo a kwance shi ke cika ramin sawu da inuwa, ya fito fili. Da tsakar rana, in ji shi, ƙasa kan yi shiru. Ya nuna min da sanda: ɗigo biyu dogaye a gaba, biyu ƙanana a baya.

"Ɗana, wane ne wannan?"

"Zomo ne, Baba."

"Ina ya dosa?"

Na nuna ɓangaren ƙananan. Ya girgiza kai. Ya ce zomo idan yana gudu ƙafafunsa na baya ne ke tsallake na gaba, don haka dogayen ne ke nuna gaba. Sannan ya durƙusa, ya nuna min wani siririn layi da ƙwaro ya ja ya ratsa ta kan sawun. Ƙwaron dare ne, saboda haka zomon ya wuce tun kafin asuba. Taku uku daga nan ga sawun dila, bakinsa kaifi-kaifi, ko ƙwayar yashi ba ta gangara ciki ba, kuma ya taka raɓa. Wannan na yanzu ne. Cikin ɗan wurin da bai wuce faɗin tabarma ba ya karanto min wanda ya wuce, da lokacin da ya wuce, da wanda ke bin wani.

Wannan karatun ne dai ake yi a Yankari, sai dai baƙaƙen sun fi girma. Sawun giwa na gaba zagayayye ne kamar faifai, na baya kuwa ya ɗan yi tsawo. Idan aka zagaye na gaba da igiya, aka ninka tsawon igiyar biyu, an samu kusan tsayin giwar a kafaɗa. Ƙaramin faifai a cikin manya yana nufin akwai ɗa a garken, kuma uwa mai ɗa ba a matsa mata. Sawun zaki ba ya nuna farce, domin yakan maƙe faratansa idan yana tafiya, kuma bayan tafinsa tudu uku ne. Na kura tudu biyu ne, ga alamar farce a gaban kowane yatsa. Kashi ma littafi ne. Gwani zai fasa na giwa da sanda, ya kara bayan hannunsa: idan akwai ɗumi, ba ta yi nisa ba. Idan buzuzu ya riga ya fara gungura rabonsa, an ɗan jima. Ƙwallon da ke ciki, na giginya ko na aduwa, zai gaya masa inda ta yi kiwo jiya. Reshen da aka karya kuwa, idan har yanzu yana da danshi, to a rage murya.

Kunne ma yana da nasa aikin. Haushin gwaggon biri daga kan itace, ko tashin makwarwa ba zato, ko kukan carki, tsuntsun da ke cin kaska a bayan ɓauna, duk labari ne. Sai kuma sanin iyaka, wanda a ganina shi ne ƙololuwar gwanintar. Giwar da ta baza kunnuwa tana kaɗa kai gargaɗi take yi, sai a ja da baya a hankali. Wadda ta lafe kunnuwa ta naɗe hanci ba wasa a ranta. Gwanin kirki ba ya bari a kai ga haka.

Akan ga baƙon da ya yi barci har hantsi, ya tsoma jiki a ruwan ɗumin Wikki, wanda zafinsa ke tsaye a kan digiri 31 rani da damina, sannan ya ce daji babu komai. A lokacin nan mai bin sawu ya daɗe da dawowa, ya san garke nawa suka sha ruwa da inda za su fito da la'asar. Shekaru ya yi yana sunkuye kafin ƙasa ta yarda ta yi masa magana.

Yashin Babura da gefen duwatsun Roni har yau suna riƙe sawun zomo, dila, bushiya da guza, kuma dattawan da suka iya karanta su suna nan, sai dai suna raguwa. Mai karatu, idan kana shirin zuwa Yankari da bazara, fara neman ɗaya daga cikinsu a garinku. Gaishe shi da ladabi, ka roƙi ya fita da kai bayan asuba, ka kuma tafi da 'ya'yanka.