Yadda Maharbi Ke Zaɓen Bindigar Tsuntsu

Idan kaka ta yi a Tozai, an yanke gero an ɗaure dammuna, zabin daji da fakara sukan fito kiwo cikin karmami, hasbiya kuma ta cika kan itatuwa. A nan ake gane maharbi da mai saɓa bindiga don a gan shi. Ni dai abin da ya fi ɗaure mini kai ba harbin ba ne, yadda tsohon maharbi ke duba bindiga kafin ya zaro kuɗinsa ne.

Kakanninsa da adaka suka yi farauta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗuri. Shi ya sa aka yi mata laƙabi da harbi-ka-ruga. Yau burin mai harbin tsuntsu shi ne mai baki biyu, musamman wadda bututunta ke ɗaya bisa ɗaya maimakon kafaɗa da kafaɗa. Irin wannan ƙira ta bazu a duniya bayan kamfanin Browning ya fitar da tasa a 1931. Ta Beretta ta Italiya sai mai hannu da shuni. Talaka ya fi sanin Baikal ta Rasha, mai nauyi da jure wahala. An ce araha ba ta ado, to amma maharbi ba ado ya zo nema ba.

Da an miƙa wa tsohon maharbin bindiga, sai ya karya ta a tsakiya ya tabbatar babu harsashi ciki, ko da kuwa mai sayarwa ya rantse. Sannan ya ɗaga bututun ya leƙa hasken rana ta ciki. Lafiyayyen bututu yakan nuna zobba-zobba na haske, kowane daidai a tsakiyar ɗan'uwansa. In zobe ɗaya ya karkace, akwai lotsawa ko kumburi. In ya ga ɗigo-ɗigo baƙi, tsatsa ta riga ta ci ƙarfen.

Daga nan sai ya cire bututun gaba ɗaya, ya rataye shi a yatsa, ya ɗan ƙwanƙwasa da farce. Nan fa na ga ikon Allah. Ƙarfen da ke haɗe da kyau sai ya yi ƙara siririya mai tsawo kamar ƙararrawa. In dalmar da ta liƙe bututun biyu ta saki a wani wuri, sautin a dakushe yake fita, kamar an buga fasasshiyar ƙwarya. Kunne ya gano abin da ido bai gani ba. Ya mayar, ya rufe, ya girgiza ta daga gindi: in ta yi ƙwas-ƙwas a mahaɗa, ta tsufa, ciniki ya watse.

Saura a ga ko ta dace da jikinsa. Sai ya rufe idanu, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, kunci ya kwanta a kan katakon, sannan ya buɗe ido. In ɗan ƙwallon saiti da ke bakin bututu ya faɗo daidai inda yake kallo, ta zama tasa. In sai ya gyara wuya, ta wani ce. Fakara ba ta jiran mutum ya gyara wuya.

Bakunan biyu ma ba ɗaya ba ne. Na ƙasa galibi ya fi faɗi, yana watsa ƙwayoyin dalma da wuri, don tsuntsun da ya tashi kusa. Na sama an ɗan tsuke shi, ƙwayoyin su tafi a dunƙule su cim ma wanda ya yi nisa. Don kada ya sayi kifi a ruwa, yakan kafa faffaɗan kwali, ya ja baya taku talatin, ya harba, ya je ya duba hudojin: in akwai filin da kurciya za ta bi ta wuce, bai gamsu ba. Harsashi kuwa, iya girman lambarsa iya ƙanƙantar ƙwayarsa: 7 ko 8 na kurciya, 4 ko 5 na zabo da agwagin ruwa irin na tafkin Kalmalo.

Samarin da ke zaman kashe wando a gindin bedi sun ɗauka saiti shi ne a nuna tsuntsu a ja kunama. Wanda ya nuna tsuntsu ya harbi inda tsuntsu ya bari. Gwani yakan bi shi da bakin bindiga daga wutsiya, ya wuce kai, ya ja kunama hannu bai tsaya ba. Turawa da faifan yumɓu suke koyon wannan, na'ura na cilla shi sama, har gasarsa ake yi a wasannin Olamfik. Na Tozai tun yana yaro ya koya, da danko da tsakuwa a bakin gona.

Mai sha'awa dai ya sani, bindiga ba lasisin 'yan sanda jawo wa kai magana ce. A fara neman takarda kafin a je ciniki.