Silima: Bebiya da Ɗan Ruwa

Yau zancen silima za mu yi. Sunan fim ɗin The Shape of Water, wato siffar ruwa. Guillermo del Toro, mutumin ƙasar Mekziko, shi ya shirya shi a shekara ta 2017. A 2018 ya ci kyautar Oska huɗu, har da ta fim mafi kyau.

A Amurka aka kafa labarin, garin Baltimore, shekara ta 1962. Elisa bebiya ce. Tana ji, amma ba ta magana. Aikinta shara da dare a wani gidan bincike na gwamnati. Ran nan sai aka kawo wani ɗan ruwa daga kogin Amazon, aka ɗaure shi da sarƙa. Mutanen can bauta masa suke yi. Nan kuwa wani mugu, Strickland, yana gana masa azaba da sandar lantarki.

Duba yadda so ya fara. Ba kuɗi, ba daɗin baki. Dafaffen ƙwai ta ajiye masa a bakin ruwa. Ta sa masa kiɗa. Ta koya masa magana da hannu. A nan fim ɗin ya fi ƙarfi. Manyan gidan ba su ko kallon mai shara. Shi ya sa ta iya fitar da shi cikin kwandon wanki, da taimakon ƙawarta Zelda da maƙwabcinta Giles. A tatsuniyoyinmu dodo ke sace yarinya. A nan yarinya ce ta sace dodo!

Amma akwai abin da bai gamshe ni ba. Strickland mugu ne tun farko har ƙarshe, ba ya ko shakka. Mutum irin wannan ba ya koya mana kome. Ƙarshen labarin ya fi damuna. An harbi Elisa, ɗan ruwan ya nutsa da ita. Tabon da ke wuyanta ya buɗe, ta shiga numfashi kamar kifi. To, ashe bebiya ba ta da wurin zama cikin mutane ke nan, sai cikin ruwa? Kuma Sally Hawkins, wadda ta fito a Elisa, ba bebiya ba ce, ko da yake ta yi wasa mai kyau ƙwarai.

In ka samu dama, ka kalle shi. Amma akwai tsiraici da jini a ciki, kada ka zauna kallo da yara.